Boris Mai Tafiya a Kan Iska: Jawabi ga Masu Sana'ar Ƙarfe na Kujama da Kudancin Jihar Kaduna

Wannan jawabi an tsara shi ne domin masu sana'ar ƙarfe na garin Kujama da sauran garuruwan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, har a dangana da Kafanchan, watau maƙera, da masu walda, da makanikai, da masu injin niƙa, da kuma mutanen nan waɗanda ba da ƙarfe suke cin abinci ba, amma in sun taso daga ofis ko gona sai su shige ɗan shagonsu na bayan gida su yi ta ƙere-ƙere don sha'awa. Abin da za a yi magana a kansa shi ne wani irin boris wanda ba shi da ƙwallaye, ba ya shan giris, ba ya shan mai, iska kaɗai ke ɗauke da nauyin da aka aza masa.

Aiki da iska ba baƙon abu ba ne ga maƙerin wannan ƙasa. Mutanen da, waɗanda masana ke kira da sunan ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, sun narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma ba a narka tama sai da iska mai hura wuta. Bambancin kawai shi ne, su sun sa iska ta hura wuta, yanzu kuwa ana sa ta ta ɗauki kaya.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da fari, don kada wani ya yi asarar kuɗinsa. Boris ɗin iska ba zai maye gurbin boris ɗin injin niƙa ba, ba kuwa zai shiga ƙafar babur ko ta amalanke ba. Amma yana iya zama dalilin da zai sa boris ɗin injin niƙa ya yi shekara maimakon wata biyu, kuma a nan ne babban amfaninsa yake ga mai ƙaramin shago.

ABIN DA KE CIN BORIS

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin injin niƙa ran kasuwa ya san yadda abin yake. Mata sun jera kwanonin masara da dawa, mai inji ya ja bel, aiki ya kankama, sai can a ji ƙarar inji ta sake, wani kuka ya shigo kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. A taɓa gidan boris a ji ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba. Ran nan aiki ya tsaya ke nan. Mai inji zai shiga mota zuwa Kaduna, ya zaga Panteka neman sabo, ya biya kuɗin mota ya biya kuɗin boris, ga cinikin yini ya wuce, masu niƙa kuma sun koma wajen maƙwabcinsa, wataƙila ma ba za su dawo ba. In ya yi rashin sa'a ya sayo jabu don ya ga araha, bayan 'yan makonni ya sake komawa.

Abubuwa uku ne suka fi kashe boris. Na farko ƙura da gari, waɗanda in sun gauraya da giris sai su zama kamar dutsen wasa, su dinga cin ƙarfe a hankali. Na biyu rashin mai, ko kuma cusa giris fiye da kima. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne rashin daidaiton abin da ke juyawa, watau ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Za a dawo kan wannan na ukun nan gaba. Amma dukkansu tushensu ɗaya ne: ƙarfe ya taɓa ƙarfe a inda bai kamata ya taɓa ba.

DARASI DAGA JIRGIN ƘASA

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun 1927 ya zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna ya haɗu da reshen da ya hau tudun Jos. A zamanin da jirage ke kai da kawowa dare da rana, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne bin taragai ɗaya bayan ɗaya da butar mai, suna buɗe akwatin da ke kan kowace ƙafa suna dubawa. A cikin akwatin nan na tsofaffin taragai babu ƙwallaye. Kan sandar ƙafa ne ke juyawa a ƙarƙashin wani ɓallin tagulla, ga tsumma jiƙe da mai yana shafa ta daga ƙasa. In mai ya ƙare akwatin ya ɗau zafi, ya yi hayaƙi, wani lokaci har ya kama wuta.

Irin wannan akwati ne ya buɗe wa duniya ido a kan sha'anin. A 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji a kan irin mazaunin sandar nan na taragon jirgi. Ya huda rami a saman tagullar domin zuba mai, sai ya ga da sanda ta fara juyawa mai yana ɓulɓulowa ta ramin yana ɓata masa wuri. Ya toshe da toto, mai ya turo shi waje. Ya toshe da katako, shi ma mai ya turo shi. Da ya ɗaura ma'auni a ramin, sai allura ta haura laba 200 a kan kowane murabba'in inci, alhali kuwa babu wani famfo da ke tura man. Ashe sandar da kanta take jawo mai ƙarƙashin tagullar tana matse shi, har ya ɗaga nauyin duka, ƙarfe ya daina taɓa ƙarfe. Bayan shekara uku, a 1886, Farfesa Osborne Reynolds na Mancesta ya fito da lissafin da ya bayyana dalilin haka, kuma har yau da lissafinsa injiniyoyi ke aiki.

To, in mai zai iya raba ƙarfe da ƙarfe, me zai hana wani abu da ya fi mai tsinkewa? Tun 1854 wani Bafaranshe, Gustave Hirn, ya ce iska ma za ta iya. A 1897 Albert Kingsbury na Amurka ya tabbatar da maganar: ya sa wani dunƙulen ƙarfe mai faɗin inci 6 a cikin gidan da ya yi masa daidai wa daida, ya juya shi ba tare da ɗigon mai ba, ƙarfen ya yi ta juyawa a kan iska.

YADDA ISKA KE ƊAUKAR NAUYI

Ruwa ya fi iska danƙo kamar sau 50, baƙin man mota kuwa ya fi ta sau dubbai. Saboda haka abin da ke tafiya a kan iska kusan ba ya jin wata turjiya, ba ya ɗaukar zafi, ba ya cinyewa, tun da babu abin da yake guga. Mai in ya ji zafi tsinkewa yake yi ya gudu, iska kuwa zafi ba ya tsinka ta. Amma wannan tsinkewar ita ce kuma wahalarta. Kafin iska ta riƙe nauyi sai an matse ta a cikin wani ɗan tsukin da ido ba ya gani, kamar kashi 1 cikin 100 na milimita. Silin gashin kai guda ya fi wannan tsuki kauri kamar sau 7, takardar rubutu kuwa sau 10.

Iri biyu ne. Akwai wanda gudunsa ne ke jawo masa iska, kamar yadda sandar Tower ta jawo mai. Irinsa ne ke cikin faifan ajiya na kwamfuta, irin mai juyawa, inda ɗan kan da ke karanta bayani yake shawagi a saman faifan a tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na kaurin gashi ba. Irinsa ne kuma ke cikin injin sanyaya ɗaki na jiragen sama na fasinja. Wannan ba na ƙaramin shago ba ne, domin yana bukatar gudu mai tsanani kafin ya tashi.

Na biyu shi ne wanda ake tura wa iska daga waje, da injin iska irin na mai faci. Wannan ko yana tsaye cik yana kan iska, muddin ana tura masa. Shi ne a cikin injunan da ke huda allunan waya da na kwamfuta, masu juyi fiye da sau 100,000 a minti, da manyan injunan awo da ke zamewa a kan teburin dutse a masana'antu. Wasu daga injunan likitan haƙori, masu kukan nan mai tsini, su ma a kan iska suke juyawa, sau 300,000 ko fiye a minti. Ɗan uwansu na nesa shi ne jirgin nan mai tafiya a kan matashin iska na Christopher Cockerell, wanda ya ƙetare teku daga Faransa zuwa Ingila a watan Yuli na 1959.

Sirrin wannan iri na biyu ɗan ƙaramin rami ne. A ɗauki faifan ƙarfe mai sumul, a huda ɗan rami a tsakiyarsa, a kifa shi a kan gilashi, a tura iska ta ramin. Iska za ta bazu a ƙarƙashinsa tana neman mafita ta gefe, ta ɗaga shi kaɗan. In aka ƙara masa nauyi sai tsukin ya ragu, mafita ta ƙuntata, matsin da ke ƙarƙashi ya hau, ya ture nauyin. In aka rage nauyi sai tsukin ya buɗe, iska ta gudu, matsi ya sauka, domin ɗan ramin ba ya barin iska ta shigo da yawa ta cike gurbi. Ta haka faifan yake gyara kansa da kansa. In da ramin babba ne, da sai iska ta yi ta zuba kawai, faifan ya yi ta rawa ba tsayayyen mazauni.

Lissafin nauyin ba shi da wuya. Lambar nan da mai faci yake karantawa a ma'auninsa laba ce a kan kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota wajen 32 take sha, boris ɗin iska kuwa yana son 60 zuwa 80. Faifai mai faɗin inci 2 yana da filin murabba'in inci 3 da ɗan ɗoriya. In aka ba shi 60, a takarda ya kama laba 188, amma a aikace abin da ake samu bai kai rabi ba, domin matsin yana raguwa daga tsakiya zuwa gefe. A ƙaddara laba 75, watau kamar kilo 34. Faifai uku irin wannan za su ɗauki nauyin buhun masara cikakke, har yaro ya tura shi da ɗan yatsa.

GWAJI DA ƘIRA

Gani ya kori ji. Wanda ke shakka ya nemi tsohon faifan sidi, da murfin robar ruwa, da balan-balan. Ya huda murfin da allura, ya manne shi a kan ramin tsakiyar faifan, ya hura balan-balan ya ɗaura a bakin murfin, ya ajiye a kan teburi mai santsi. Faifan zai yi ta yawo a kan teburin har iskar ta ƙare. Wannan gwaji ya dace maigida ya nuna wa yaran shagonsa, domin yaron da ya gan shi sau ɗaya ba zai sake tambayar dalilin sa wa inji mai ba.

Ƙira ta sosai kuwa, aikin duka a kan sumul yake. Faifan a yanke shi daga alminiyum ko tagulla, mai kaurin da ba zai lanƙwashe ba, kamar rabin inci. Injin sassaƙar ƙarfe zai fitar da siffa, amma fuskar da ya bari ba ta isa ba, sai an goge da hannu. A sami gilashi mai kauri, milimita 10 ko fiye. Gilashin zamani sumul ɗinsa ya isa wannan aiki, saboda tun 1959, lokacin da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da dabarar, a kan narkakkiyar kuza ake zuba shi ya kwanta da kansa, irin kuzar nan da aka daɗe ana haƙa a tudun Jos. A shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashin, a jiƙa ta, a dinga goga fuskar faifan ana zana lamba 8, ana juya shi a hannu lokaci lokaci don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. A bi daga mai kaushi zuwa mai laushi. Kafin kowane zagaye a shafa wa fuskar tawada. In tawadar ta goge gaba ɗaya da ja biyu ko uku, an kusa. In ta saura a tsakiya ko a gefe, da sauran aiki. Wannan aiki ne na haƙuri, yana iya cin yamma guda a kan faifai ɗaya, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa suke karaya.

Mai son abin da ya fi gilashi yana iya bin hanyar da Joseph Whitworth ya bayyana wajen 1840. Faranti biyu in aka yi ta gugarsu da juna za su dace, amma yana yiwuwa ɗaya ya zama ƙwarya ɗaya ya zama tulu, su dace ba tare da sun miƙe ba. In faranti uku ne, ana gugar na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na ɗaya, to babu yadda dukkansu za su dace da juna sai in kowannensu ya miƙe sosai. Da wannan dabara mutum zai yi wa kansa teburin awo ba tare da ya sayi komai daga waje ba.

Ɗan ramin kada ya kai rabin milimita. Huda irinsa da hannu yana da wuya, to amma ƙaramin jet na kafiretan babur ya riga ya zo da rami kusan haka, sai a yi masa mazauni a bayan faifan a ɗaura. A bakin ramin, ta fuskar da ke kallon gilashi, akan yi ɗan kwarmi marar zurfi don iska ta sami wurin bazuwa. A nan akwai tarko. Mutum zai ga kamar in ya faɗaɗa kwarmin ya zurfafa shi zai sami ƙarin ƙarfi, alhali kuwa abin da zai samu shi ne faifan ya kama gurnani yana karkarwa, saboda iskar da ta taru a kwarmin tana kumbura tana sacewa. Maganinsa a goge fuskar har kwarmin ya ragu, ko a ƙara nauyi, ko a rage matsi. Daga ƙarshe, kada a ɗaure faifan ƙam da abin da zai ɗauka. A yi ɗan gurbi a bayansa a sa ƙwallon tsohon boris guda ɗaya, nauyin ya zauna a kan ƙwallon, don faifan ya iya karkata ya kwanta daidai da gilashi. Faifai uku ake sawa, kamar duwatsun murhu, domin na huɗu yakan zama ɗan kallo.

INDA ZAI BIYA WAHALARSA

Yanzu a dawo kan rashin daidaito. Injin niƙa mai guduma yana juyi wajen sau 3,000 a minti, watau sau 50 a daƙiƙa ɗaya. A ce an yi wa guduma ɗaya ciko da walda, ta fi kishiyarta nauyi da giram 50 kacal, kuma tana nisan santimita 15 daga tsakiya. A wannan gudu, giram 50 ɗin nan yana fizgar sanda da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 75, kuma fizgar tana zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Kamar a ce ƙaton mutum ne yake tsalle a kan boris daga safe har yamma. Shi ya sa ake ganin inji yana tafiya a ƙasa, kusoshi suna kwancewa, walda tana tsagewa. Mai inji sai ya ɗora laifin duka a kan boris ya ce jabu ne. Wani lokaci gaskiyarsa ne, amma sau da yawa ko na ainihi aka sa haka zai mutu.

Hanyar da aka saba bi wajen gano ɓangaren da ya fi nauyi ita ce a aza sanda a kan wuƙaƙe biyu da aka daidaita, ko a kan boris biyu da aka wanke, a bar ta ta mirgina har mai nauyin ya koma ƙasa. Wannan tana aiki, amma turjiya takan ɓoye ƙaramin bambanci. In aka yi wa sandar awo gado biyu na rabin bututu, waɗanda suka dace da ita sosai, kowanne da 'yan ramukan iska a ƙasa, sanda za ta tashi a kan iska, ko ɗan guntun waya aka manna a gefe sai ta juya. Daga nan a rage nauyi da dutsen wasa, ko a ƙara a ɗaya gefen, har ya zamana duk inda aka tsayar da ita nan take tsayawa. Gudumomi kuwa a auna su a sikeli biyu-biyu kafin a ɗaura. Abin da yake dogo, kamar gangar injin sussukar masara, wannan awo ba zai kama dukan laifinsa ba, domin yana iya nauyi a wannan kai ta sama a wancan kai ta ƙasa. Amma ga dutsen wasa, da fanka, da fule, da faifan injin yanka citta irin wanda manoman Kachia da Kwoi ke bukata, awon ya wadatar. Makaniki ɗaya a gari in ya mallaki wannan gado, ya sami sana'a a cikin sana'a.

Amfani na biyu shi ne wasa bakin kayan yankan ƙarfe. Masu injin sassaƙa sun san tsadar abin yanka mai murɗaɗɗen baki, kuma in ya dakushe yawanci jefarwa ake yi. Akwai wani maƙalli da aka daɗe ana amfani da shi a ƙasashen waje, sanda ce a cikin bututu tana shawagi a kan iska, tana juyawa tana kuma zamewa gaba da baya a lokaci guda. Saboda babu turjiya, yatsun mai aiki suna jin bakin abin yankan yana bin murɗinsa a kan dutse. Ƙurar dutsen wasa, wadda ita ce ajalin boris mai giris, ba ta samun shiga, gama iskar kullum waje take fitowa. Sai dai ƙera wannan yana bukatar gwanin gaske, domin tsakanin sanda da bututu bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba.

Akwai kuma jan kaya mai nauyi a cikin shago, da wani irin matashin roba mai shan iska da yawa a ƙaramin matsi. Da irinsa aka riƙa matsar da rumfunan 'yan kallo sukutum a wani filin wasa na Honolulu a Amurka daga 1975, kafin a kafe su wuri ɗaya a 2007. Yana bukatar daɓe mai santsi marar tsaga. A kuma tuna, abin da ba shi da turjiya ba shi da birki: in daɓen yana da ɗan gangare, inji zai kama hanya da kansa.

Abin da ya hana shi shiga injin niƙa a bayyane yake. Jan bel da dukan hatsi sun fi ƙarfin ɗan siririn matashin nan, gini zai yi girma ainun, kuma duk sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke ko injin iska ya tsaya alhali sanda tana gudu, ƙarfe zai faɗa kan ƙarfe, aikin mako guda ya lalace cikin ƙiftawar ido.

TSABTAR ISKA DA KIYAYE RAI

Iskar injin mai faci ta isa taya, amma ba ta isa wannan aiki ba sai an tace ta. Tana tafe da mai, da tsatsa, da ruwa. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwan sama da yawa, da damina iska cike take da laima, kuma in aka matse ta laimar takan zama ruwa a cikin tanki. Da hunturu kuwa ƙura ce. Ɗigon ruwa ɗaya ko ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe rami. Saboda haka a bi da iskar ta dogon bututun ƙarfe don ta huce, sa'an nan ta bi ta matarar ruwa, sa'an nan ta matata mai laushi, kafin ta isa faifai.

Sauran maganar ta rai ce, kuma ta shafi kowane shago mai injin iska, ko da mai shi bai taɓa tunanin boris ɗin iska ba. Tanki daga ciki yake ruɓewa, inda ido ba ya gani. A buɗe magudanar ƙasansa kowace yamma a zubar da ruwan. Tankin da ya fara yoyo saboda tsatsa ba a yi masa faci da walda, ritaya ake yi masa, domin inda ya huje alama ce kawai ta abin da ya riga ya ci. Kada a toshe bawul ɗin da ke sakin iska in matsi ya yi yawa don wai yana damun mutane da ƙara. Kada a ja iska da farin bututun roba na ruwan famfo, gama in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Tukunyar iskar oksijin ta masu walda kuwa, ko da wasa kada a haɗa ta da wannan aiki: in ta gamu da mai ko giris wuta take kamawa nan take.

Akwai wata al'ada ta yaran shago da ya wajaba iyayen gidansu su hana. Yaro ya wanke boris da fetur, ya soka yatsa a tsakiya, ya hura masa iska don ya ji kukan nan kamar jiniya. Boris busasshe a wannan hali yana gudun da ya wuce abin da aka yi shi dominsa nesa ba kusa ba, yana iya tarwatsewa, ƙwallayen su fita kamar harsashi, ko ya cije ya murɗe yatsan. Haka nan kaɗe ƙurar jiki da tiyon iska, ko tsokanar ɗan uwa da shi ta baya. Iska mai matsi tana shiga ta ɗan rauni a fata, tana fasa dodon kunne, in ta shiga ciki kuwa tana fasa hanji, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya a wurare da dama.

Mai aiki da sanda mai gudu a kan iska ya sa tanki tsakanin injin iska da boris, ya kuma ɗaura makunnin da zai yanke wa mota wuta da zarar matsi ya sauka ƙasa da 50, don iskar da ta rage a tanki ta riƙe sandar har ta tsaya. Wajen fara aiki iska ake buɗewa tukuna, a juya sanda da hannu a tabbata ta tashi, sa'an nan a kunna mota. Wajen tashi kuwa a kashe mota, a jira sanda ta tsaya cik, a rufe iska, a goge gilashi, a lulluɓe shi da tsumma mai tsabta kafin a ja ƙofa.